Kakana Bai Taɓa Shiga Faɗa Ba

Bara, kwana uku bayan babbar Sallah, na je Kusada gaida Kawu. Ni haifaffen Kankiya ne, mahaifiyata kuwa 'yar Kusada ce, saboda haka tun ina yaro hanyar da ta haɗa garuruwan nan biyu ta zame mini kamar soron gida. Kawu shi ne babban wan mahaifiyata, tsohon hedimasta, shekarunsa sun haura 80. Bayan mun gaisa an kawo fura, sai ya sa aka ɗauko masa wata jakar fata daga ƙarƙashin gado. Ya ciro takardu shafi 64 da aka ɗinke da zare ya miƙo mini. Tarihin mahaifinsu ne, wato kakana, malamin da ya yi shekara 22 yana rubuta wa hakimi wasiƙu da ajami. Kawu ya rubuta shi da hannu, aka buga masa da kwamfuta a wani shago a Katsina cikin 1998, kuma ɗansa ya adana fayil ɗin har yau.

Ya ce, "Ku ne masu intanet. Jikokin Malam sun watsu, wasu na Legas, wasu na Maraɗi, wasu ma ban san ƙasar da suke ba. Ka sa wanga abu inda kowa zai gani tun ina da rai."

Na ce, "An gama, Kawu. Aikin dare ɗaya ne."

Aikin ya ci wata biyu, kuma saura kaɗan ya ɓata tsakanina da dattijon. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa likitoci ne, ko lauyoyi, ko masu makarantu, kuma wata rana za su so buɗe shafi da Hausa don aikinsu. Shi ya sa na ga ya dace in ba da labarin ramukan da na faɗa.

Baƙaƙen da suka rikiɗe

Na koma Kano na buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan na gina shafin intanet, waɗanda ba sa bukatar mutum ya san komai na injiniyanci: ka zaɓi tsari, ka ja akwati nan, ka ajiye hoto can, ka zuba rubutu. Na kwafo babi na farko na manna. Abin da ya fito ya ɗaure mini kai. Inda Kawu ya rubuta "ƙasa" sai ga "}asa". "Ɗaya" ta zama "[aya", "ɓata" ta zama "~ata". Duk shafin ya cika da baka da sanduna, sai ka ce kaji sun bi ta kan allo.

Da farko na zaci fayil ɗin ne ya lalace. Ashe lafiyarsa lau. Abin da ban sani ba shi ne kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Kowane harafi yana da lambarsa, sannan akwai wani kundi daban mai ɗauke da zanen da za a nuna idan an kira wannan lamba. Wannan kundin zane shi ne abin da masu kwamfuta ke kira font, ni kuwa zan kira shi zubin haruffa. Tsarin farko da ya yaɗu a duniya, wanda Amurkawa suka fitar a shekarun 1960, gurbi 128 kacal gare shi, kuma don Ingilishi aka yi shi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ.

To, yaya masu buga littattafan Hausa suka yi? Dabara suka yi. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffa na Hausa, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Rabi'at. Hikimar ita ce a aro gurbin alamomin da Hausa ba ta cika amfani da su ba, a zana baƙaƙenmu a ciki. Idan ka danna } sai allo ya nuna maka ƙ, alhali a cikin na'urar lambar } ce aka ajiye. Wannan aiki ya yi wa adabin Hausa hidima babba, domin da shi da irinsa aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu ɗimbin yawa. Sai dai sharaɗinsa ɗaya: duk inda rubutun zai je, dole zubin ya bi shi. Da zarar sun rabu, sai alamomin aro su koma wa masu su. Abin da ya faru da littafin Kawu ke nan.

Maganin wannan bai da wuya. Tun 1991 akwai tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na rubuce-rubucen duniya lambarsa ta kansa. A cikinsa k tana da lamba 107, ƙ kuma tana da 409, ba ta aro gidan kowa ba. Na bi fayil ɗin da umarnin nema da musanyawa sau shida, ɗaya don kowane baƙi, babba da ƙarami. Cikin rabin sa'a rubutun ya dawo hayyacinsa. Na kwanta ina jin na gama.

Garin neman gira

Washegari na shiga sashen kwalliya. A irin waɗannan manhajoji akwai wuri guda da ake tsara salon rubutun shafi baki ɗaya: babban kanu, ƙaramin kanu, gundarin rubutu, rubutun ƙarƙashin hoto, rubutun maɓalli. Kowanne kana iya ba shi zubinsa, da girmansa, da kaurinsa, da tazarar da ke tsakanin layuka. Ka canza sau ɗaya, duk shafukan su bi. Jerin zubin da aka ba ni ya fi ɗari. Na daɗe ina juya su kamar mai zaɓen shadda a Kantin Kwari, har na tsaya a kan wani siriri mai kama da rubutun tsofaffin littattafai. Na ce wannan ya dace da Malam.

Da na duba sai na ga wani abu na damun idona. Kalmomin suna ɗingishi. A cikin "gyaɗa", g da y da a sirara ne masu kyan tsayuwa, amma ɗ ta fito ƙatuwa, baƙa wuluk, ta ɗan nutse ƙasa da layi, kamar baƙon da ya shigo sahu da takalmi. Na canza zubi, sai ƙ ta daidaita, ɗ da ɓ suka ci gaba da ɗingishi. Na sake canzawa, ƙananan suka yi kyau, amma a kanu, inda na sa a mayar da komai manyan baƙaƙe, sai Ɗ ta fita daban.

Dalilin yana da sauƙin fahimta idan an bi shi a hankali. Cewa Unicode ya ba harafi lamba bai wajabta wa mai zana zubi ya zana shi ba. Kowane harafi aiki ne na hannu, kuma galibin masu wannan sana'a kasuwar Turai da Amurka suke kallo. Idan manhajar da ke buɗe shafi ta nemi ɗ a cikin zubin da ka zaɓa ba ta samu ba, sai ta aro daga wani zubin da ke cikin wayar ko kwamfutar mai karatu. Aron nan ne ke kawo ɗingishi. Idan kuma ta duba ko'ina ba ta samu ba, sai ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbin.

Akwai wani ƙarin abu da ya ba ni mamaki. Baƙaƙenmu ba a unguwa ɗaya suke zaune a cikin Unicode ba. Ƙ da ƙ maƙwabtan juna ne, 408 da 409, a rukunin ƙarin haruffan Latin. Manyan Ɓ da Ɗ ma suna nan, a 385 da 394. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna can 595 da 599, a rukunin alamomin da masana furuci ke amfani da su. Mai zana zubi, ko mai datse shi don ya yi sauƙin saukewa, yana iya ɗaukar rukuni na farko ya bar na biyu, yana ganin na malaman jami'a ne kawai. Ta haka ake samun zubin da ya san ƙasa amma bai san ɗaki ba.

Sannan kowane salo kundi ne mai zaman kansa. Rubutu na yau da kullum fayil guda ne, mai gwaɓi wani fayil, rubutun tsutsa wani. Yana yiwuwa ɗ ta kasance a ɗaya babu ita a ɗayan.

Na aika wa 'yan uwa shafin gwaji. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata a Kusada ta turo mini hoton tsohuwar wayarta: sunan babi na uku ya fito da akwatuna biyu a tsakiya. Daren nan na gaji. Na ce wa kaina, mutum miliyan nawa ke rubuta Hausa a Facebook da WhatsApp ba tare da ƙugiya ko ɗaya ba, kuma ana fahimtarsu? Na sake buɗe umarnin musanyawa, na mayar da kowace ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b. Shafin ya yi sumul. Zubina siriri ya zauna daram. Na wallafa, na tura wa dangi.

Kiran Kawu

Bayan kwana biyu, da hantsi, waya ta yi ƙara. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, bai gaggauta ba. Sannan ya ce, "Mi ka yi ma littafin?"

Na ce, "Na sa shi kamar yadda ka ce, Kawu."

Ya ce, "Jikata ta karanta mini jiya da dare. Buɗe babi na huɗu, sakin layi na ƙarshe, ka karanta mini abin da ka rubuta."

Na buɗe. Jimlar da Kawu ya rufe babin da ita, wadda a wurinsa ita ce taƙaitaccen halin mahaifinsa, cewa take: Malam, tsawon rayuwarsa, bai taɓa shiga faɗa ba. A shafina kuwa ga abin da ke rubuce: Malam, tsawon rayuwarsa, bai taba shiga fada ba.

Ya ce, "Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana zama a fada kullum safiya, kai ka ce bai taɓa shiga fada ba? Yarinya ta tsaya tana tambayata, to a ina yake rubuta wasiƙun? Ni ne maƙaryaci ko littafin?"

Na fara bayanin zubi da akwatuna da tsofaffin wayoyi. Ya saurare ni har na ƙare. Sai ya ce, "Lokacin da nike hedimasta, tafiretar makaranta ba ta da ko ɗaya cikin baƙaƙen ga. In na buga jarrabawar Hausa, sai in zauna da alƙalami in bi ta layi-layi ina sa ma kowane ƙugiyarshi, kafin a kai ga injin gurzawa. Har sha biyun dare nike kaiwa da fitilar ƙwai. Kai da ke da na'urar da ta fi tafireta sau dubu, kai ne za ka cire?"

Ban da "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu" babu abin da na iya cewa.

Daga ina ƙugiyar ta zo?

Maganarsa ta sa na koma na bi tarihin. Kakana da ajami ya yi aikinsa, kuma masu ajami sun daɗe da sanin cewa Hausa tana da sautukan da Larabci ba shi da su. Sun raba k da ƙ: ɗaya da kaf lasan, ɗaya da ƙaf wau. Ɗ kuma suka ba ta harafin da almajirai ke kira ɗamisa hannu. A wasiƙar Malam, fada da faɗa ba za su taɓa rikicewa ba.

Da boko ya zo, an daɗe ana lalube. Turawan farko da suka rubuta Hausa, wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu ɗan waƙafi a gefensa, wasu kuma ba sa bambantawa sam. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutunsa a 1912 bayan ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Baƙaƙe masu ƙugiya sun samu gindin zama ne a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, bisa shawarwarin wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan. A wannan zamanin ne Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina, ya rubuta Magana Jari Ce, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939. A lokacin da dalma ake zuba haruffa. Kafin ƙ ta hau takarda sai an sassaƙa mata mazubi na ƙarfe, a kowane girma da ake bukata. An kashe kuɗi an yi, kuma kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 ya ci gaba da bugawa da su.

A shekarun 1980 an sake wani yunƙuri na samar da zubi guda da zai ɗauki manyan harsunan Nijeriya, har aka sa hannun shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. A Nijar kuwa an ƙara baƙi na huɗu, ƴ, a inda mu muke rubuta 'y. Wato kusan shekara 90 ke nan kowane zamani yana biyan nasa kuɗin don ƙugiyar nan ta tsira: masu dalma, masu tafireta da alƙalami, masu Rabi'at. Ni aka zo kaina, abin da ake nema a wurina bai wuce in haƙura da zubin da ya burge ni ba.

Ba zan ɓoye hujjar ɗaya ɓangaren ba, domin ni ma na riƙe ta dare ɗaya. Gaskiya ne rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, kuma muna karantawa lafiya. Ita kanta "faɗa" tana iya zama rigima, ko furta magana, ko afkawa rami, sai jimla ta raba gardama. Amma wannan dalili ne na riƙe abin da ya rage da kyau. Mai karatun Hausa ya riga yana ɗauke da kayan cike giɓi, kowace ƙugiya da aka cire ƙarin kaya ce a kansa. Wanda ya tashi a Kankiya zai iya ɗauka, domin kunnensa na gyara masa abin da idonsa ya gani. Jikan Malam da aka haifa a Legas fa, wanda daga rubutu yake tsintar rabin Hausarsa? Shi zai tashi yana cewa baki alhali baƙi yake nufi, yana kafa inda ake ƙafa. Ko sunayen garuruwan jiharmu shaida ne: Ƙanƙara, Ɗanmusa, Ɗanja, Ɗandume. Sau nawa baƙo ya rikita Kankiya da Ƙanƙara saboda a takarda duka da K suke farawa?

Abin da na yi daga baya

Sa'ar da na yi ita ce ban goge fayil mai ƙugiya ba. Cire ƙugiya aikin daƙiƙa ne, mayar da ita kuwa sai an bi kalma-kalma, domin na'ura ba ta san wace "fada" ce fada ba. Duk mai irin wannan aiki ya ajiye asali a gefe kafin ya taɓa komai.

Na juya tsarin zaɓena. Maimakon in fara da abin da ya yi mini kyau, sai na fara da abin da ya iya Hausa. Na ƙirƙiri 'yar jimlar gwaji mai ɗauke da baƙaƙen duka takwas, har da na 'yan uwanmu na Maraɗi: Ɗan baƙo ya ɓare gyaɗa. Ƙanwarsa ta kira ƴan awaki. Ɓawo ya zube. Ƴan awaki suka cinye. Kowane zubi na ɗauka sai in manna masa ita sau huɗu: a rubutu na yau da kullum, a mai gwaɓi, a na tsutsa, da kuma a manyan baƙaƙe zalla. Sannan in ƙara girmanta sosai, domin a ƙaramin rubutu harafin aro yana iya ɓoyewa. Mafi yawan jerin nan mai fiye da ɗari sun faɗi.

Waɗanda suka tsallake sanannu ne. Akwai dangin Noto na Google, wanda aka yi shi musamman don kawar da akwatunan nan na fanko. Akwai Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, waɗanda aka zana don harsuna irin namu, kuma kyauta ne. Andika an tsara shi ne don masu koyon karatu, haruffansa a buɗe suke ba sa kama da juna. Idan jerin manhajarka ba shi da ko ɗaya, duba ko tana ba da damar ɗora zubi daga waje. Ga masu son sa ajami, ita SIL ɗin tana da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano. Da shi na rubuta sunan Malam a saman shafin.

Na tsaya a kan zubi biyu kacal, ɗaya na kanu, ɗaya na gundarin rubutu. Kowane ƙarin zubi ƙarin fayil ne da wayar mai karatu za ta sauke, kuma wanda ke ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa shi zai biya da datarsa da haƙurinsa. Na ƙara girman rubutu, na buɗa tazarar layuka, na bar shi baƙi a kan fari, saboda na tuna a tsakar gida za a karanta shi, cikin hasken rana, da idanun da suka ga shekaru. A adireshin shafi kaɗai na bar haruffa babu ƙugiya, don ya yi sauƙin bugawa da turawa. Gwajin ƙarshe kuma ban yi shi a kwamfutata ba. Tsohuwar wayar nan ta Kusada na sa aka buɗe da ita, aka turo mini hoto. Babu akwati ko ɗaya.

Da azumi ya kawo jiki na sake komawa. Bayan la'asar muka zauna a ƙofar gida, na miƙa wa Kawu waya na buɗe masa babi na huɗu. Ya gyara tabarau, ya kawo ta kusa da fuska, ya bi layin da yatsa yana motsa leɓe. Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya, ya sa farce a kan ɗ ɗin nan kamar mai tabbatar da cewa ba za ta goge ba.

Ya ce, "Yanzu ka faɗi gaskiya a kan Malam."

Sai ya gungura ƙasa kaɗan, ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau. "Amma a babi na biyar ka rubuta 'ɗauka' inda na ce 'dauɗa'. Wannan ba laifin na'ura ba ne."

Na karɓi wayar na gyara a gabansa.